A kasuwa ana yi mini shaidar haƙuri, a gida kuwa har saki ɗaya ya fita daga bakina

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a Ƙaura Namoda. Shekarata 37, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. A kasuwa ana yi mini shaidar haƙuri, mai bashi zai ja ni wata uku ban ɗaga masa murya ba. Amma da na shigo gida da dare, abu kaɗan sai in hau. Bara na saki matata saki ɗaya a kan abincin da bai dahu da wuri ba, iyaye suka shiga tsakani na mayar da ita. Makon jiya na mari babban ɗana mai shekara 9 don ya zubar da ruwa a tabarma, har yau in na shigo sai ya bar tsakar gida. In abin ya wuce kuma nadama ta hana ni barci. Na sauke wasannin da ake cewa suna horar da ƙwaƙwalwa a wayata, wata biyu ina yi ban ga canji ba. Wani ya ce in gwada zaman nutsuwa da lura da numfashi, wani abokina kuma ya ce wannan addinin mutanen Indiya ne. Ku ba ni shawara kafin in rushe gidana da hannuna.

Wani magidanci, Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya zaunar da gidanka lafiya.

Mutumin da mai bashi ke ja wa rai wata uku bai ɗaga murya ba ya iya kame kansa. Bambancin shi ne, a kasuwa akwai ciniki da idon jama'a a gabanka, jikinka kuma da sauran ƙarfi. Da dare sai ka shigo da yunwa da gajiya da duk ɓacin ran da ka haɗiye tun safe, ka sauke a kan mutanen da ka san ba za su rama ba. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Marin yaro ɗan shekara 9 a kan ruwan da ya zube zalunci ne, kai ma ka sani, shi ya sa barci ya gagare ka. Amma nadamar dare ba ta gyara komai in ba ta zama aikin da ake yi da rana ba, don haka ga aikin.

Fushi bi da bi yake zuwa, ko da kai kana ganin lokaci guda ya faɗo maka. A can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kowane kunne, akwai wani ɗan curi da likitoci ke kira amigdala, aikinsa hango barazana. Ba ya tsayawa ya tantance ko ɓarawo ne ya diro ko kuwa kallo ne aka yi maka ka fassara shi da raini. Da ya motsa sai saƙo ya sauka ga wasu ƙananan sassa biyu da ke zaune a saman ƙoda, su zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Cikin 'yan daƙiƙoƙi zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta ya dawo ƙirji, muƙamuƙi da kafaɗu su ɗaure, fuska ta ɗau zafi. A daidai wannan lokaci ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya, aikinsa yana raguwa. Shi ya sa duk alƙawarin da ka ɗaukar wa kanka jiya ba ka tuna shi a wannan minti. Wani masani ɗan Amurka, John Gottman, da ya shafe shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata suna tsakiyar jayayya, ya lura cewa in bugun ya haura kimanin 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko.

Wannan kana iya aunawa da kanka. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga bugun cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Ka yi haka kwana uku a jere da safe don ka san lambarka ta lokacin kwanciyar hankali. Ta babban mutum yawanci tsakanin 60 ne da 100. Ranar da ka ƙirga 25 ko fiye cikin daƙiƙa 15 alhali ba gudu ka yi ba, ba ka da hurumin yanke hukunci a kan kowa a gidan nan.

Abin da za ka fara da shi, tun daren yau, shi ne hanyar fita. Ka zauna ka tuna fushinka uku na baya-bayan nan, ka gano abin da jikinka ya fara yi kafin bakinka ya buɗe. Wani haƙora yake cizawa, wani zafi yake ji a ƙeya, wani hannu yake dunƙulewa, wani kuma murya ce ke fara rawa. Naka ɗaya ne ko biyu, kuma kusan kullum su ne dai. Sai ka ɗaura masa aiki guda ɗaya a jimla ɗaya: "In na ji muƙamuƙina ya ɗaure, to zan yi shiru in zauna." Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana wannan dabara a 1999, bincike da yawa kuma sun biyo baya sun nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa takamaiman alama ta fi aiki a kan niyya sakaka irin ta "daga yau na daina fushi". Dalilin shi ne an riga an yanke shawarar tun hankali yana kwance, ba sai an nemo ta a lokacin da ba za ta samu ba. Ka maimaita jimlar da baki sau uku kowace safiya, da kuma lokacin da kake rufe rumfa. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan: hadisin Abu Zarr da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa, ga kuma neman tsari daga Shaiɗan da ya zo a Bukhari da Muslim.

In ka zauna ka ji abin yana ci gaba da hawa, ka fita. Sai dai fitar tana da sharuɗɗa, in aka karya su takan zama wani sabon makami. Ka fara sanar da maiɗakinka da rana, ranar da babu rigima, cewa akwai maganar da za ka riƙa faɗi: "Raina ya ɓaci, ba na son in faɗi abin da zan yi nadama, zan fita, rabin awa zan dawo." Ka roƙe ta in ta ji haka kada ta bi ka zaure da magana. Kai kuma dole ka dawo a lokacin da ka ce, ka tayar da maganar da kanka, ko a daren ko washegari. In ka riƙa fita ba ka dawowa kan batun, za ta ɗauki abin a matsayin gaba da shariya, kuma tana da gaskiya. Kada ka hau babur. Kada kuma ka nufi majalisa ka zayyana wa abokai abin da aka yi maka.

Wannan na ƙarshe yana bukatar bayani, don mutane da yawa sun yarda cewa in aka amayar da fushi sai a huta. A 2002 Brad Bushman ya gwada hakan da ɗalibai 600 a Amurka. Aka fusata su ta hanyar kushe rubutunsu, sai aka sa wasu su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuma aka bar su zaune kawai. Masu naushin suka fito sun fi fushi. A 2024 shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154 da suka ƙunshi mutum sama da 10,000, suka ga abubuwan da ke kwantar da jiki, irin su numfashi a hankali da zaman nutsuwa, su ne ke rage fushi, masu ƙara tayar da jiki kuwa ba sa rage shi, har gudun motsa jiki ya kan ƙara shi. Maimaita labarin, a baki ko a zuci, ƙara tayar da jikin ne. To a rabin awar nan ka yi alwala da ruwa mai sanyi, ka taka a hankali zuwa masallaci ko ka zauna a dakali, ka yi numfashin da za mu koya maka, sannan ka sake auna bugun zuciyarka kafin ka shiga.

Batun saki kuwa, hukuncin wanda aka yi cikin fushi na malamai ne da alƙalai, ba namu ba. Namu shi ne mu tuna maka ɗaya ya riga ya tafi, magana kuma zarar bunu ce. Ka kafa wa kanka doka: kalmar ba za ta fito daga bakinka ba, ba za ka rubuta ta a takarda ko a WhatsApp ba, a duk ranar da ranka ya ɓaci. Ka sanar da wani babba da kake jin nauyinsa, kawu ko yaya, cewa ka ɗauki wannan alƙawari, kuma shi za ka fara kira duk ranar da tunanin ya zo maka.

Duk wannan na gaggawa ne. Abin da zai sa ka riƙa jin alamar da wuri shi ne atisayen kullum, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 10 bayan sallar Asuba da azkar. Ka zauna a kan sallaya ko kujera, bayanka a miƙe ba tare da ka jingina ba, idanunka a sauke suna kallon ƙasa kamar taku ɗaya a gabanka, hannu ɗaya a kan ciki. Ka sa ƙararrawar waya, ka ajiye wayar nesa da kai. Minti 3 na farko ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, ka fitar da ita a hankali kana ƙirga 6. Wannan numfashi shida ke nan a minti. Hannun da ke kan ciki shi ya kamata ya riƙa ɗagawa, ba ƙirji ba. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo ne saboda zuciya tana ɗan ƙara sauri in ana shaƙa, tana kuma sassautawa in ana fitarwa, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. In ka tsawaita fitarwar, ka ba wannan jijiya ƙarin lokacin aiki.

Minti 7 da suka rage ka daina ƙirge, ka bar numfashin ya tafi yadda ya so, kai dai ka bi shi da hankalinka: shigarsa a hanci, tashin ciki, saukarsa. Ba za a yi daƙiƙa ashirin ba hankalin zai tafi, ya je farashin masara, ya je wanda ya ci bashi, ya je maganar jiya. Da ka farga ya tafi, ka ja ƙwayar carbi ɗaya, ka dawo da shi ba tare da ka tsawata wa kanka ba. A nan mutane suka fi kuskuren fahimta. Suna ɗauka nasara ita ce kai ya zama fayau babu tunani, in suka ga ƙwaya talatin ta wuce sai su ce abin bai karɓe su ba, su bari. Ƙwaya talatin na nufin sau talatin ka farga ka dawo, wannan fargar kuwa ita ce abin da ake horarwa. Ita ce dai kake bukata a tsakar gida lokacin da ruwa ya zube a tabarma: ka ga inda zuciyarka ta nufa tun ba ta isa ba.

Mako biyu na farko ka tsaya a nan. A mako na uku da na huɗu ka ware minti 3 na ƙarshe ka zagaya da hankalinka wurare biyar, goshi, muƙamuƙi, kafaɗu, ƙirji, tafin hannu, kowanne numfashi uku, kana lura ko a ɗaure yake ko a sake. Daga mako na biyar sai ka shigo da fushin da kansa, amma ƙarami. Ka tuno wani abu da ya ɓata maka rai kaɗan, wanda in za ka ba shi maki daga 0 zuwa 10 ba zai wuce 3 ko 4 ba, misali wanda ya yi maka tayin wulaƙanci a kan buhun gero. Ka riƙe shi a rai minti ɗaya, ka lura inda ya taɓa a jikinka, ka kira shi da sunansa a zuci: "Wannan fushi ne. Ga zafi a ƙirji." Kada ka kore shi, kada kuma ka bi labarin, ka kalle shi yana hawa har ya fara sauka. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a wata jami'a da ke Kalifoniya sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskokin masu fushi da masu tsoro, suka ga in mutum ya ambaci sunan yanayin da yake gani, motsin amigdala yana raguwa. Kada ka fara da marin yaro ko ranar saki. Waɗannan 9 ne ko 10, za su kwashe ka kafin ka kalle su.

Kasuwa kuma ta ba ka wurin gwaji kyauta. Duk wanda ya faɗa maka maganar da ta sosa maka rai, ka yi numfashi uku na 4 da 6 kafin ka amsa. Rabin minti ne, kana iya yi kana share bakin tiya, ba wanda zai lura.

Ga abubuwan da ke ɓata atisayen. In ka ji jiri ko yatsu suna yi maka tsikari, kana cika huhu ne fiye da kima. A hankali ake so, ba da ƙarfi ba, ka rage yawan iskar ko ka koma ƙirga 3 da 5. In gyangyaɗi yake kwashe ka, barcinka ne bai isa ba, ka buɗe ido sosai ko ka mayar da zaman bayan La'asar. In ka tsallake kwana biyu kada ka rama da minti 30, ka ci gaba da 10 ɗinka. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan nauyi, wanda ba za mu tsallake shi ba muna magana da mutumin Zamfara. Wanda ya taɓa faɗawa hannun 'yan bindiga, ko aka tare su a hanya, ko ya ga an kashe wani a gabansa, zaman shiru yana iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. In haka ta same ka, ka tsaya nan take, ka buɗe ido, ka taka ƙafa a ƙasa da kyau, ka ambaci abubuwa biyar da kake gani a ɗakin da babbar murya. Kada ka ci gaba kai kaɗai. Saurin fushi, firgita da ƙaramin motsi da munanan mafarkai alamu ne sanannu na ciwon da tashin hankali ke bari a rai, kuma yana da magani a asibiti.

Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tsarin da asibitoci ke amfani da shi yau, Jon Kabat-Zinn ne ya kafa shi a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, na mako takwas, kuma shi kansa daga malaman addinin Buda, wanda tushensa Indiya ne, ya koyi zaman. Ya cire abin da ya shafi bauta ya bar horon hankali, don marasa lafiya na kowane addini. Abin da muka ba ka babu kiran sunan wani a ciki, babu wata kalma da ake maimaitawa, babu abin da ake fuskanta. Numfashinka ne da hankalinka. Duk mai sallar da ya taɓa farga a raka'a ta biyu cewa zuciyarsa tana kasuwa, ya dawo da ita kan karatu, ya san wannan motsi. In ranka bai kwanta ba, ka kwatanta wa malamin da ka yarda da shi zaman dalla-dalla yadda muka rubuta, ka ji ta bakinsa.

Saura tunanin da ke hura wutar. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk ranar da ranka ya ɓaci, bayan ka huce, ka rubuta abu shida a layi ɗaya: ƙarfe nawa, me ya faru, me jiki ya fara yi, wace jimla ce ta gifta a ranka, maki nawa daga 0 zuwa 10, me ka aikata. Na huɗun ne mai wuyar kamawa, kuma shi ne mai muhimmanci. Wannan hanya daga aikin likita Aaron Beck ta samo asali, wanda tun shekarun 1960 ya nuna cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai wata gajeriyar fassara da ke wucewa da sauri har ba a lura da ita. Jinkirin tuwo ba ya kawo saki. Abin da ke kawo shi jimla ce irin "ta raina ni", ko "ina wahala a kasuwa ba wanda ya damu", ko "yaron nan da gangan yake yi". Bayan mako biyu ka karanta littafin daga farko, za ka ga jimla ɗaya ko biyu ne ke ta dawowa, kuma kusan a lokaci ɗaya na dare.

In ka kama jimlar, ka yi mata tambaya uku a rubuce. Me na gani da idona, ban da abin da na fassara? Wane bayani ne kuma zai iya zama gaskiya? Da ƙanina ne ya kawo mini wannan ƙara a kan matarsa, me zan ce masa? A batun abinci, abin da ka gani shi ne ƙarfe takwas tukunya tana kan wuta. Sauran bayanai: itace ya jiƙe, niƙa bai dawo da wuri ba, mace ɗaya ce da yara huɗu tun safe. Sai ka rubuta sabuwar jimlar da ka yarda da ita da gaske, misali "abinci ya makara, ina jin yunwa, wannan ba raini ba ne". Kada ka rubuta abin da ba ka yarda da shi ba, irin "ba komai", don zuciya ba ta karɓar wannan. Kuma aikin nan sai jiki ya huce ake yinsa. Wanda ya gwada shi bugun zuciyarsa yana 110, hujjojin fushi kawai zai ƙara tarawa.

A nan ne haƙurinka na kasuwa ke da rauni. James Gross na Jami'ar Stanford ya yi gwaji a 1998, ya nuna wa mutane hotunan bidiyo masu tayar da hankali. Waɗanda aka ce su ɓoye abin da suke ji, fuskarsu ta kwanta amma jikinsu ya ƙara tashi. Waɗanda aka ce su sauya yadda suke kallon abin, abin da suka ji ya ragu ba tare da jikin ya ƙara tashi ba. Kai na farkon kake yi wa masu bashi. Don haka littafin ya haɗa da abin da ya faru a rumfa, kuma mai bashin wata uku yana bukatar a faɗa masa magana a fili cikin mutunci, da ranar biya, maimakon murmushin da iyalinka ke biyan kuɗinsa da dare.

Wasannin waya kuwa ka goge su in don wannan kake yi. A 2010 an gwada irinsu a Ingila da mutum 11,430 na tsawon mako shida, suka ƙware a wasannin, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ba shi da hujja.

Abubuwa uku na jiki za su iya rushe duk abin da ke sama: rashin barci, yunwa da ƙwaya. Barci: babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7, kuma wani gwaji na 2007 ya nuna amigdalar waɗanda aka hana barci dare guda ta fi ta waɗanda suka yi barci motsi da kusan kashi 60 cikin 100 in aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Mai tashi Asuba ya kwanta kafin ƙarfe goma, ko ya cike da ƙailula. Shayi mai kauri, goro da lemon ƙara kuzari, ka tsayar da su daga La'asar. Yunwa: kada ka shiga gida cikinka babu komai tun rana, fura, dabino ko gyaɗa da ruwa kafin ka rufe rumfa sun isa, musamman a watannin zafi daga Maris zuwa Mayu. Ka kuma sa wa kanka zango tsakanin kasuwa da gida: bayan sallar Magariba ka ƙara minti 5 a masallaci kana numfashin 4 da 6, ka tambayi kanka maki nawa kake. In ka haura 5, ka faɗa wa maiɗakinka tun a sallama cewa yau ka gaji, a bar duk wata magana mai nauyi sai da safe. Ba ka ambaci ƙwaya ba, amma in akwai tiramol ko maganin tari mai kodin a cikin lamarin, to shi ne farkon abin da za a magance, kuma da likita.

Kada ka sa ran ganin canji cikin mako guda. Wani bincike da aka yi a Landan kan yadda sabon hali ke zama jiki ya samu matsakaicin kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Ka ba abin wata biyu cif, littafin kuma shi ne ma'auninka: kowace Juma'a ka ƙirga sau nawa ka ɗaga murya, sau nawa ka kama alamar ka zauna ko ka fita. Yawanci lamba ta biyu ce ke fara hawa kafin ta farko ta sauka. Za ka zame wata rana. In ka zame ka rubuta, ka duba wane ne ya ɓace a ranar, barci ne, abinci ne, ko zaman safe, ka ba da haƙuri kafin a kwana.

Yaron kuma kada ka jira wata biyu. Gobe ka kira shi, kai a zaune don kada ka yi masa tsayi, ba a gaban ƙannensa ba. Ka ce masa: "Marin da na yi maka kuskure ne. Zubar da ruwa bai kai a mari mutum ba. Ka yafe mini." Kada ka ƙara da "amma kai ma". Kada ka tilasta masa ya saki jiki a ranar, kada kuma ka saye shi da kuɗi. Yaro ɗan shekara 9 da abin da ya gani a makonnin da ke tafe zai yi hukunci. Ka riƙa tafiya da shi masallaci ko rumfa ranar da babu makaranta. Mahaifiyarsa ma tana da hakkin jin irin wannan magana a kan bara, in ba ka taɓa faɗa mata ba. Taimakon da za ta yi maka na barin ka ka fita alheri ne daga gare ta. Kame hannunka da bakinka nauyinka ne kai kaɗai, ko me aka yi maka.

Akwai halin da ba za ka jira atisaye ba sai ka ga likita: in ka sake ɗaga hannu a kan wani a gidan, in tunanin cutar da kanka ko wani ya zo maka, in ka yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, komai ya fita a ranka, in kana yin kwanaki ba ka barci kuma ba ka jin gajiya, ga yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi, in halin ya fara ne bayan ka bugu a kai, misali a haɗarin babur, ko in kana rama alhali kana ci, ga faɗuwar gaba da rawar hannu da yawan gumi, wanda kan nuna matsalar wani sashe da ke gaban wuya da gwajin jini ke ganowa. Ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a auna maka hawan jini da sukari, ka nemi a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato shi ne na musamman a wannan yanki. Ka tafi da littafinka, ka faɗa wa likitan batun marin da na sakin yadda ka faɗa mana, da duk wani magani da kake sha, na asibiti ko na gargajiya.